Aikin Likita a Karkara: In Karɓa ko In Haƙura?

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni likita ne, shekara biyu da gama horo. An yi mini tayin aiki a wani asibitin karkara mai gado 40, tafiyar awa huɗu daga babban asibiti mafi kusa. Albashin ya fi wanda nake ɗauka, ga gida kyauta. Abokaina sun rabu biyu: wasu na cewa zan kashe kaina da raina, wasu na cewa can ake zama likita na gaske. Ina da mata da ɗa ɗaya. Me ka gani?

Amsa: Ɗana, ka faɗa mini albashi, ka faɗa mini gida, amma ba ka faɗa mini abin da na fi son ji ba. Likitoci nawa ne a asibitin? Idan ka shiga tiyata ƙarfe biyu na dare, wa zai sa wa majiyyacin barci, wa zai tsaya a gefenka? Amsar wannan ce za ta nuna maka ko aikin zai gina ka ko zai cinye ka.

Bari in fara da alherin, domin yana da yawa, kuma waɗanda ba su taɓa yi ba su ne suka fi raina shi. A babban asibiti, ƙaramin likita kan yi shekaru yana rubuta takardu da bin bayan manya. A karkara kuwa hannunka zai faɗa da wuri. Za ka karɓi haihuwa mai gardama da safe, ka ɗaure karaya da rana, ka yi jinyar saran maciji da yamma. Za ka koyi gane ciwo da ido da tafin hannu saboda gwaje-gwajen da ka saba dogara da su babu. Kuma za ka ga ƙarshen aikinka. Yaron da ka ceto daga ciwon huhu zai wuce ka a hanya bayan wata uku yana gudu, uwarsa ta tsaya ta gaishe ka. Na yi shekara biyar a irin wannan wuri, kuma har yau babu abin da ya kai wannan faranta mini rai a aikin nan.

Buƙatar ma ta gaske ce. A shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan yadda za a riƙe ma'aikatan lafiya a karkara, inda ta nuna cewa kusan rabin mutanen duniya a karkara suke, amma likitocin da ke yi musu aiki ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wani abu da ke cikin shawarwarin ya shafe ka kai tsaye: kuɗi kaɗai ba ya zaunar da likita. Sai an haɗa da wurin zama mai kyau, kayan aiki, damar ƙarin ilimi, da manyan da za su riƙa duba shi. Ƙasashe sun gwada hanyoyi iri-iri. Afirka ta Kudu ta wajabta wa sababbin likitoci shekara ɗaya ta hidimar al'umma tun 1998. Amurka na biya wa likita wani ɓangare na bashin karatunsa idan ya yi aƙalla shekara biyu a yankin da ke da ƙarancin likitoci. Kanada ta buɗe makarantar likitanci a arewacin Ontariyo a 2005 don ta horar da ɗalibai a cikin irin garuruwan da ake so su zauna. Abin da bincike ya yi ta nunawa shi ne, wanda ya tashi a karkara ko ya yi horo a can shi ya fi daɗewa. Saboda haka ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: ka taɓa zama a ƙaramin gari, ko hoton wurin kawai kake gani a zuciyarka?

Yanzu ga nauyin. Wani dare aka kawo mini wata mata tana zubar da jini bayan haihuwa. Irin wannan zubar jini kan kashe mace lafiyayya cikin awa biyu, mu kuwa tsakaninmu da babban asibiti ya fi haka. Na ba ta allurar oksitosin, wadda ke tsuke mahaifa don jini ya tsaya, amma mahaifa ta ƙi tsukewa. Daga baya na gano firjin da ake ajiye allurar ya kwana biyu babu wuta, allurar kuwa zafi yana rage mata ƙarfi. Babu jini a ajiye. Ungozomar da ke tare da ni, wadda ta girme ni da shekara ashirin, ta danne mahaifar da hannu biyu ba ta ɗaga ba, mai gwajin jini ya fita da tocila ya tattaro dangin matar, aka samu biyu da jininsu ya dace. Ta rayu. Da ni kaɗai ne a daren nan, da labarin ya sha bamban. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a asibiti wannan magana ce ta rai da mutuwa.

Don haka kada ka sa hannu a takarda sai ka je da ƙafarka, gani ya kori ji. Ka kwana biyu a can, kuma ka zagaya asibitin da dare, ba da hantsi lokacin da aka share ko'ina ba. Buɗe firjin magani ka taɓa. Tambayi inda oksijin yake fitowa, da abin da ake yi idan ya ƙare. Duba ko akwai maganin dafin maciji da allurar jijjiga a kan kantar magani. Motar ɗaukar marasa lafiya tana tashi? Wa ke zuba mata mai? Hanyar tana biyuwa idan ruwa ya sauka? Sannan ka nemi lambar likitan da ya bar kujerar, ka tambaye shi dalilin tafiyarsa. Abin da zai faɗa maka cikin minti goma ya fi duk abin da ke cikin takardar tayin.

Maganar kwantiragi kuma, komai ya shiga rubuce: kwana nawa za ka yi aikin dare a mako, wa zai riƙe asibitin idan ka tafi hutu, hutun karatu, da sharaɗin barin aiki. Idan kai kaɗai ne likita kuma babu mai canjin ka, ba ka da hutu ko da takarda ta ce kana da shi. Idan kana da niyyar zama ƙwararre a wani fanni, bincika tun yanzu ko shekarun da za ka yi a can za a lissafa maka su, domin jarrabawa ba ta jiran kowa kuma karatu yana wuya ga wanda bai yi barci ba. Akwai hanyoyin rage kaɗaici, irin tsarin ECHO da aka fara a Jami'ar Niyu Meziko a 2003, inda ƙwararru ke tattauna majiyyata da likitocin nesa ta bidiyo. Amma wannan sai da intanet mai ƙarfi, ka gwada da wayarka idan ka je.

Ra'ayina: idan akwai aƙalla likita ɗaya bayan kai, da ungozoma mai ƙwarewa, da hanyar tura majiyyaci, ka karɓa, ka ɗaura niyyar shekara biyu, ka sake duba lamarin bayan nan. Idan kai kaɗai za a bari da shekara biyu kacal na gogewa, ka ba su haƙuri, komai kyan albashin.

Tambaya: Mijina likita ne, yana son mu koma karkara. Ni malama ce, kuma ina tsoron in rasa aikina. Ina jin kunyar in hana shi aikin alheri.

Amsa: 'Yata, cire kunyar nan. Aikin matar likita da makarantar yara suna cikin manyan dalilan da ke sa likitoci tattara kayansu su bar karkara, saboda haka damuwarki tana tsakiyar maganar. Ku je tare ku ga wurin. Ki shiga makarantar garin ki gana da shugabanta, wataƙila suna neman irinki ido rufe. Ki kuma san abu ɗaya tun yanzu: a ƙaramin gari mijinki ba ya tashi daga aiki. Za a buga ƙofa da dare, za a tare shi a hanya da takardar magani, maƙwabtanku su ne majiyyatansa, kuma zai riƙe sirrin mutanen da kike gaisawa da su kullum ba tare da ya faɗa miki ba. Wasu matan sun ji daɗin wannan kusanci, wasu ya takura su. Ku yanke wa'adi tare, ku amince cewa idan ya cika za ku zauna ku sake shawara, kuma bakinki daidai yake da nasa.

Tambaya: Zan fara aiki a karkara wata mai zuwa. In sayi ƙaramar na'urar sikanin da ake haɗawa da waya da kuɗina?

Amsa: Na'urar tana da amfani ƙwarai, musamman wajen gane kwanciyar jariri, cikin da ya zauna a wajen mahaifa, ko jinin da ya taru a ciki bayan haɗari. Amma kada ka yi gaggawa, likita. Wasu daga cikinsu sai ka riƙa biyan kuɗin manhaja duk shekara, kuma idan ba ka samu horo ba za ta nuna maka abin da babu. Fara neman asibitin ya saya. Abin da zan ce ka saya da kuɗinka kafin ka tashi shi ne fitilar goshi mai kyau, na'urar auna oksijin ta yatsa har da ta yara, ma'aunin hawan jini wanda ba ya buƙatar batir, da abin cajin waya mai amfani da hasken rana. Bayan wata uku za ka san ko sikanin ne ya fi ƙaranci a wurin, ko wani abu dabam.