Akushina sai tsagewa yake yi

Tambaya: Salam Malam, daga Wad Madani ta yankin Jazira a Sudan nake. Ranar Juma'a na kan ɗan taɓa sassaƙa akushi da injin juya itace, makharaɗa dai da muke ce mata a nan, to na samu gungumen bagaruwa kyauta amma duk tsaga ne da ramin ƙwaro, akushin da na fara yi kuwa kwana uku ya dare gida biyu. In haƙura in sa shi a murhu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, a'a kar ka kai shi murhu tukuna. Ɗanye ka juya ka ajiye shi a zafin Jazira, dole ya dare. Raba gungumen biyu ka fidda zuciyar nan ta tsakiya, daga nan tsaga ke tasowa. Sai ka yi juyin farko ka bar kauri, in faɗin akushin santimita 30 ne bar kaurin jikinsa kamar santimita 3, ka shafe shi da gam ɗin kafinta ka cusa a buhun takarda da ɓarzar itacen, a inuwa, wata uku ko fiye kafin juyi na biyu.

Ƙaramar tsaga kuma garin katako da sufa gulu sun isa, ni ramin ƙwaron ma burge ni yake wallahi, sai dai akushin zuba dabino zai zama, miya kam zuba za ta yi. Amma ka ƙwanƙwasa ka ji, in ya yi ƙarar fasasshiyar ƙwarya kar ka ɗora shi a inji, tashi yake yi ya nufo fuska. Fara da gudu kaɗan, ka sa garkuwar fuska, ka tsaya a gefe.