Na sha ɗaura aniyar gyara kasuwancina, amma ba ta ɗorewa

Wani ɗan kasuwa ya rubuto yana cewa: "Duk farkon shekara nakan ɗaura aniyar gyara harkata: in riƙa rubuta lissafi, in daina ba da bashi barkatai, in fara ajiya, in nemi sababbin abokan ciniki. Bayan mako biyu ko uku sai in koma gidan jiya. Ciniki ana yi, amma ban san inda kuɗin ke shiga ba. Rashin himma ne ke damuna?"

Malam, wanda yake sammakon buɗe shago kullum ba a ce masa marar himma. Abu huɗu ka ɗora wa kanka rana guda, kuma babu ɗaya a cikinsu da ka yanka wa lokaci. "Zan riƙa rubuta lissafi" fata ne kawai. Da ka ce "in na rufe shago, kafin in sa makulli a aljihu, zan ƙirga kuɗi in rubuta", da ka ba aikin gurbi a cikin yininka.

Shawarata ka ajiye uku, ka kama ɗaya, wato rubuta lissafi, ta hanyar raba kuɗin kasuwa da kuɗin gida. Na zaɓi wannan ne domin shi ne amsar kukanka na rashin sanin inda kuɗi ke shiga. A Jamhuriyar Dominika an yi wani gwaji da aka wallafa sakamakonsa a 2014, wanda Alejandro Drexler da Greg Fischer da Antoinette Schoar suka gudanar. An koya wa wasu ƙananan 'yan kasuwa lissafi irin na akanta, wasu kuma aka ba su 'yan ƙa'idoji masu sauƙi: a ajiye kuɗin kasuwa a durowa ɗaya, na gida a wata, mai shago ya yanka wa kansa albashi, in ya taɓa na kasuwa ya rubuta cewa bashi ya ci. Waɗanda aka ba ƙa'idojin nan su ne tsarin kuɗinsu ya gyaru a zahiri, musamman masu ƙarancin ilimin lissafi. Darasin akantan bai kawo wani canji na a zo a gani ba.

Don haka ba sai ka jira ka iya kwamfuta ba. Littafi guda da biro sun isa. Kowace yamma ka rubuta abin da ya shigo, da abin da ka kashe wa kasuwa, da abin da ka ɗauka don kanka. Na ƙarshen nan shi ya fi nauyin rubutawa, kuma shi ya fi amfani. 'Yan kasuwa da yawa suna cin uwar kuɗi suna zaton riba suke ci, ba sa farga sai ranar da suka tashi sari, su tarar kuɗin hannunsu bai kai ya mayar da hajar da suka sayar ba. Abin yana ci mini rai, domin galibinsu ba almubazzarai ba ne, 'yan cire-cire ne da ba a rubuta ba suka taru suka cinye jarin.

Sai batun haƙuri. Ana yawan cewa kwana 21 ke sa abu ya zama jiki. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, wanda ya fito a 2009, ya bi mutum 96, ya gano cewa matsakaicin lokacin ya kai kwana 66, wasu 18, wasu har 254. Kai da kake sarewa a mako na uku, kana barin aikin ne daidai lokacin da yake da nauyi ga kusan kowa. Binciken ya kuma nuna cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. In ka manta yau, gobe ka ci gaba, kada ka ce sai wata sabuwar shekara.

Kada kuma ka auna kanka da cinikin yini. Yawan masu saye ba a hannunka yake ba, amma rubutun yamma a hannunka yake.

In ka kai wata biyu littafin bai yanke ba, shi da kansa zai nuna maka mataki na gaba. Za ka ga kayan da suka yi kwantai suna riƙe maka da jari, da mutanen da bashinsu ya daɗe. A nan sai ka ƙara aiki na biyu, shi ma ƙarami: kowace safiya ka tuntuɓi mutum ɗaya da kake bi bashi, cikin mutunci. Maganar ajiya ka bar ta sai ka san ainihin ribarka ta wata, domin a kanta za ka yanke abin da za ka riƙa warewa.