Fararen ɗigo a jikin kifin gilashi, mi ne abin yi?

Wani ɗan uwa daga Birnin Kebbi ya turo yace kifayen ado da yake kiwo cikin tankin gilashi a falo sun fito da fararen ɗigo kamar an barbaɗa masu gishiri, suna ta goga jiki da dutse, ya zuba magani kwana 2 ɗigon ya ɓace sai ya daina, yanzu abin ya dawo ya fi na da.

To malam nan ne ka yi kuskure. Ɗigon nan ƙwaro ne ke kawo shi, kuma wanga ƙwaro in yana maƙale a jikin kifi magani bai taɓa shi, fatar kifin ce ke rufe shi. Sai ya ƙoshi ya faɗo ƙasan tanki ya rarrabu ɗaruruwa, ƴaƴan su fito suna iyo suna neman kifi, to a lokacin nan kaɗai magani ke cin su. Ɓacewar da ka gani ba warkewa ba ce, haihuwa ya tafi yi.

Ka samu gishiri zalla, giram 2 zuwa 3 a kowace lita, ka narkar da shi a kofi tukuna ka zuba a hankali, ka bar shi kamar sati 2. In ka canza ruwa, gishirin ruwan da ka kwashe kaɗai za ka mayar, don gishiri bai bin iska ya tafi. Kuma da hunturu ruwa ya yi sanyi ƙwaron na jinkiri, sai ka ƙara kwanaki, ko in kana da hita ka ɗaga zuwa digiri 28 zuwa 30 ka ƙara iska a ruwan. Ganyen ado ka fidda su, basu son gishiri.

Wata hajiya daga Yauri kuma tace yaronta ya ɗebo ciyawa daga kogin Neja ya zuba a tanki, yanzu tana ganin wani abu faffaɗa kamar ƙwarƙwata yana yawo jikin kifin. Hajiya wannan da ido ake ganinta, ki kama kifin da jiƙaƙƙen tsumma ki cire ta da hantsaki, ki zubar da ciyawar, ki wanke duwatsun don can take ƙwai. Sabon kifi kuma ya kwana daban sati 2 zuwa 4 kafin ya shiga cikin sauran.

Mai tambaya ko koren maganin fararen ɗigo mai suna malakait zai yi wa tarwada, a'a, kifin ci ne, kada ka kuskura.