Abin da ke sa hatimin roba ya dagule a kan kati

'Yar'uwa, kin ce zanen hatiminki yana fitowa a dagule. Yawanci tawada ce ta yi yawa. Kada ki nutsa shi cikin soson tawada, ki riƙa ɗan taɓawa har ko'ina ya samu. Wajen bugawa ki sauke shi tsaye, ki danna daidai, ki ɗaga ba girgizawa.

Sai ki duba irin tawadar. Mai ruwa-ruwa tana shiga takarda ta bushe nan take. Mai kauri kuwa a sama take zama, tana jimawa ba ta bushe ba, balle a takarda mai sheƙi, hannu na taɓawa ta shafe. Duk da haka ita na fi so ga kundin hotuna, don ba ta saurin koɗewa.