Shin Shakespeare ne ya rubuta wasanninsa, alhali bai je jami'a ba?

Ka tambaya ko mutumin da bai taka ƙofar jami'a ba zai iya rubuta irin waɗannan wasannin kwaikwayo, ko kuwa wani ne ya fake da sunansa. A ganina, hujjojin da ke hannu suna tare da shi.

An haifi William Shakespeare a garin Stratford da ke Ingila a 1564, mahaifinsa mai ɗinkin safar hannu ne. Tun 1592, marubuci Robert Greene, wanda ya yi jami'a, ya caccake shi a rubuce saboda ɗan wasa ya kutsa cikin sana'ar marubuta. Ka ga tun lokacin an san shi da alƙalami. Ya zama mai hannun jari a ƙungiyar da ta gina gidan wasa na Globe a 1599, kudu da kogin Thames a Landan, inda talaka ke biyan kobo ɗaya ya tsaya a fili ba rufi, samari kuma suke fitowa a matsayin mata. A nan ya ƙware, yana rubuta wa 'yan wasan da ya san muryoyinsu.

Bayan rasuwarsa a 1616, abokan aikinsa Heminges da Condell suka tattara wasanni 36 suka buga a 1623, marubuci Ben Jonson kuma ya yabe shi a ciki.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar haɗin gwiwar marubuta wajen rubuta wasa a matsayin yaudara, alhali al'adar zamanin ce. Shi ma ya rubuta wasu tare da marubuci John Fletcher. Idan bincike kake yi, tuntuɓi malamin adabin Ingilishi kafin ka dogara da bidiyoyin intanet.