Bangon sashenmu ya yi fayau, me za mu zana?

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a sashen lissafi a wata jami'a nan Kumasi, 'yar unguwar Aboabo. Barandarmu farin fenti ne kawai sai takardun sanarwa, ana tashi lacca kowa ya watse. Mun ce mu yi karo-karo a yi mana zane a bango, to wasu 'yan uwa sun ce in da fuskar mutum ba su ciki, wasu kuma wai a zana Einstein a huta. Ya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Einstein ɗin nan dai ni ban goyi baya ba, shi fa masanin fiziks ne, kuma ko'ina ka leƙa hotonsa ne, yarinyar da ta zo daga Bawku can arewacin Ghana ba za ta kalle shi ta ji wurin nata ne ba.

Maganar fuska kuwa ba sai an yi rigima ba, ku 'yan lissafi ai kun fi kowa sa'a. Ki dubi yadda matan Sirigu can arewa suke ƙawata bangon gida da ja da baƙi da fari, yawanci kusurwa uku-uku ne a jere, ga adinkra, alamomin da ake bugawa a jikin yadi a Ntonso, ga saƙar kente ta Bonwire, ga Dagin Arewa da irin adon da magina ke yi a ƙofar gidajen Zariya da Kano, duk maimaici ne da daidaiton ɓangare biyu, abin da kuke karantawa a aji ke nan wallahi. Kowa ya kawo na garinsu, mai zane ya haɗa, Asante ya ga nasa, ɗan Zango ya ga nasa.

Mai zane ba wahala, tun 1952 aka dawo da makarantar zane daga Achimota zuwa Kumasi, tana nan a KNUST, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, ɗalibanta na neman bango ido rufe. Amma ku biya su ko kaɗan ne, kar a ce "don Allah" kawai.

Kafin ku sayi ko gwangwani ɗaya ku karɓi izinin shugaban sashe a rubuce, ya ga samfurin a takarda. Kumasi damina biyu gare ta, bango mai danshi ɓare fenti yake, don haka ku jira hunturu wajen Disamba ko Janairu, a kankare, a sa firaima, wato fentin share fage, sannan fentin akirilik. Ku bar wa allon sanarwa gurbinsa, in ba haka ba a kan zanen za a liƙa jadawalin jarabawa. In kuɗi ya saura ku sa benci biyu.