Amsa ga ƙanena mai shirin tahowa Ingila: ka koyi kaɗa miya tun kana Kaduna

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na yi farin ciki ƙwarai da jin ka samu gurbin digiri na biyu a Birmingham. Allah ya sa albarka, ya sa a gama lafiya. Maganar haya da rigunan sanyi da aikin awa 20 da ake yarje wa ɗalibi a mako, duk za mu yi su a waya. Tambayar da ka saka a can ƙarshe, kamar kana jin nauyinta, ita zan amsa a nan, domin ba kai kaɗai take damu ba. Ka ce tun tasowarka a Tudun Wada ba ka taɓa ɗora tukunya ba, to me za ka riƙa ci, kuma me ya kamata ka ƙullo daga gida?

Abin da nake so ka yi a 'yan watannin da suka rage maka shi ne ka shiga madafi ka tsaya kusa da Hajiya har sai hannunka ya iya miya uku. Kallon bidiyo ba zai wadatar ba. Ka karɓi maburgi ka kaɗa da kanka tana kallo, ta ce maka ƙara ruwa, rage wuta. Kada kunyar ƙannenka mata ta hana ka. Kuma kada ka sa rai za a yi maka aure ka taho da mai ɗakinka ta riƙa girki, domin tun watan Janairun 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na shiga aji tahowa da iyali, sai masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu.

Za ka sauka a watan Satumba, gari da sauran daɗi. Ƙarshen Oktoba a mayar da agogo baya da awa ɗaya, zuwa Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 na yamma an yi magariba. Sanyin nan ya sha bamban da hunturun Kaduna, wanda da hantsi ya yi mutum zai tuɓe rigar sanyi. Na nan jiƙaƙƙe ne, ga yayyafi ga iska, ka fita da duhu ka dawo da duhu. A irin wannan lokaci shayi da burodi da Indomie ba sa riƙe mutum, abincin waje kuma yana cinye aljihu tun wata bai yi nisa ba. Na ga yara masu hazaƙa sun rame, sun yi zuru-zuru, sun daina fitowa ko Juma'a, in ka bincika sai ka tarar rabonsu da abinci mai romo an daɗe. Abin yana taɓa ni sosai, saboda maganinsa ba shi da tsada.

Ka fara da miyar kuka. Ita ce ta fi sauƙi, kayanta ba sa lalacewa, kuma babu wadda ta kai ta kawo maka gida cikin ɗaki. Ka sayi nama mai ƙashi kamar rabin kilo a shagon halal, ka wanke, ka ɗora da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri, ya dahu har ya yi laushi. Wannan romon shi ne miyar, don haka kada ka yi masa gaggawa. Sai ka zuba jajjagen attaruhu ɗaya ko biyu da albasa, dakakkiyar daddawa cokali guda, manja cokali biyu da ɗunƙule. A nan masu koyo suke yin kuskure: suna ganin ya tafasa sai su hau kaɗawa, alhali daddawa tana son wuta, sai ta yi kamar minti 20 tana dahuwa kafin warinta ya koma ƙamshi. Idan ta yi, ka rage wuta, kana barbaɗa kuka kaɗan-kaɗan da hannu ɗaya, ɗayan yana kaɗawa ba tsayawa. Ruwa lita ɗaya, cokali uku zuwa huɗu ya isa, kuma ka tuna tana ƙara kauri bayan an sauke. Yawancin ɗakunan ɗalibai murhun lantarki ne, wanda ko ka rage shi ba ya hucewa nan take, saboda haka ka janye tukunyar gefe ka kaɗa, sannan ka mayar ta yi minti biyar a buɗe. In ka juye kukar gaba ɗaya a ruwa mai tafarfasa, gudaji za ka samu.

Hajiya ba za ta ba ka awo da cokali ba, za ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiyarta, sai dai idonka bai kai can ba tukuna. Duk abin da ta ɗebo da hannu, ka roƙe ta ta zuba a cokali ka gani, ka rubuta a wayarka.

Ta biyu taushe, kuma abin daɗin shi ne kusan duk kayanta suna nan a Aldi ko Lidl, ba sai ka je shagon 'yan Afirka ba. Akwai wata kabewa mai dogon wuya kamar gora, za ka ga an rubuta mata butternut, tana narkewa lugub kuma zaƙinta ya yi daidai. Ka fere, ka yanka ƙanana, ka dafa cikin romon nama har ta yi laushin da bayan ludayi zai murƙushe ta. Ka soya tumatirin gwangwani da jan tattasai da attaruhu da albasa, ka haɗe da daddawa. Maimakon dakan gyaɗa, ka sayi markaɗaɗɗiya ta kwalba, amma ka karanta jikinta ka tabbata ba a sa sukari ba, in ba haka ba miyar za ta yi wani zaƙi-zaƙi marar kan gado. Ka dama cokali biyu da ruwan ɗumi kafin ka zuba. Alayyahu akwai daskararre a firiza, shi ne ƙarshen shiga. Yakuwa ce kaɗai mai wuyar samu. Wani lokaci ana dacewa da ita a shagunan Indiyawa da sunan gongura, in babu ka matsa lemon tsami kaɗan bayan ka sauke. Ni a ganina taushen da ba tsami ba ta cika ba.

Ta uku farfesun kaza, domin mura sai ta kama ka a sanyin farko. Citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa da attaruhu, ruwa ya ɗan sha kan kazar, ka jefa dankalin Turawa a ciki ya zama abinci sukutum. Wanda ya iya waɗannan ukun, kuɓewa ba za ta gagare shi ba, ga ta nan yankakkiya a firizar shagunan 'yan Pakistan. Ayoyo ma akwai, Larabawa ke sayar da shi daskararre, mulukhiyya suke ce masa. Ka yi sa'ar gari, domin titin Coventry da ke Small Heath da titin Alum Rock cike suke da mahauta na halal da kayan ƙamshi, kasuwar Bullring da ke tsakiyar gari kuma akwai masu kayan abincin Afirka. Tuwo kuwa, semo da garin shinkafa sun fi sauri, amma in kana son tuwon shinkafa na sosai ka nemi gajeriyar shinkafar nan da Turawa ke dafawa da madara da sukari, tana tuƙuwa da kyau.

Sai maganar jaka. Na san 'yan uwa za su taru su yi maka kilishi da dambun nama da man shanu, kuma na san da ƙauna za su yi. Ka ba su haƙuri tun yanzu. Doka ta hana shigowa Birtaniya da nama ko abin da aka yi da madara daga ƙasashe irin namu, in an gani za a ƙwace, kuma ana iya cin mutum tara. Busasshen kifi da bandar kifi an yarda da su har kilo 20. Ɗanyen ganye da kayan lambu sai da takardar shaidar lafiyar tsiro, don haka ka bar su. Ka leƙa shafin gwamnatinsu ana saura mako ka tashi, domin ƙa'idojin suna sauyawa, kuma in jami'an kwastam suka tambaye ka, ka faɗi abin da ke jakarka ba ɓoye-ɓoye. Madadin man shanu yana nan a gwangwani an rubuta ghee, in ka soya shi da albasa ka zuba a kan kuka ba za ka yi kewa ba. Shinkafa da manja da ɗunƙule duk akwai, kada su cinye maka kilo. Wurin ka bar wa kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, kimba, yaji da daddawa, sai muciya da maburgi. Akwai daddawar Yarabawa, iru, a shagunan nan, ita ma daga kalwa ake yin ta, tana fid da kai in taka ta ƙare, amma ɗanɗanon da ɗan bambanci.

Madafi na haɗaka za ka samu, da mutanen ƙasashe daban-daban. Ka sayi tukwanenka biyu da wuƙa da katakon yanka naka na kanka, saboda wasu suna dafa naman alade. Kada ka bar manja ya yi hayaƙi irin yadda ake yi a gida, na'urar gobara za ta ɗau ƙara a fitar da kowa waje cikin sanyi. Daddawa kuma ka adana ta a kwalba mai murfi, ka buɗe taga in za ka sa. Haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma sau da yawa wanda ya yamutsa fuska yau, gobe in ka zuba masa sai ya nemi ƙari.

Ka ware rana ɗaya a mako ka yi babbar tukunya, ka raba a ƙananan robobi. Kada ka ce ai gari da sanyi ka bar miya ta kwana a kan murhu, ɗakunan da ɗumi suke. Shawarar hukumar kula da abinci ta nan ita ce a sa a firji cikin awa ɗaya zuwa biyu da saukewa, a cinye cikin kwana biyu, saura a daskarar. Shinkafa ta fi saurin ɓaci, saboda haka tuwonta kada ya wuce kwana ɗaya a firji, ɗumame kuma sau ɗaya, ya yi zafi har ciki. Kuka ta fi daɗi in romon ka daskarar, ranar da za ka ci ka kaɗa sabuwa.

Sayayyar kuwa kada ka je kai kaɗai. Ka raka Hajiya Kasuwar Barci ko kasuwar Kawo ranar Talata, ta nuna maka yadda ake gane kuka mai kyau, koriya shar wadda ba ta yi ja ba. A tankaɗe ta, a daka daddawar a shanya ta bushe ƙarau, a ƙulle kowanne a leda biyu, ka rubuta sunansa da Turanci a jiki. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ina roƙon ta fara da kai daga tuwon daren yau.